Tsatsa, ɓarawon da ke cin ƙarfe a cikin ɗaki



Yau maganarmu a kan tsatsa take. Kakanninmu ba su da ƙarfe da yawa. Hauya, kalme, sungumi, gatari da lauje, su ke nan, kuma in ɗaya ya lalace maƙerin gari yana nan kusa. Tun daga shekarun 1970 abin ya sake. A lokacin ne ma'aikatar UNCC ta bashi da haɗin kan manoma, wadda anka kafa a 1962, da kuma babban shirin raya karkara na Maraɗi, sunka shigo da galmar shanu da amalanke cikin garuruwa da yawa. A wancan zamanin ana ƙera su a nan cikin ƙasa, a UCOMA ta Damagaram, da ACREMA ta Tawa, da CDARMA ta Doso. Yanzu kuma ga injin ban ruwa, ga babur, ga injin niƙa, ga abin feshi. Duk kuɗi ne, sau da yawa ma bashi ne da ba a gama biya ba. Mutum yakan ɗaure sanshi da igiya biyu don tsoron ɓarawo, amma ya bar galmar da san nan ke ja a bayan rumbu wata takwas, ba ya ko waiwayarta. Ranar da noman fari ya zo, sai ya tarar noti ya ƙi juyawa, baki ya dakushe, ga haki yana rige hatsi tashi. Kwana uku da za ka ɓata wurin maƙeri a wannan lokaci, kai ka san abin da suke ci maka.

Mine ne tsatsa?

Tsatsa ba datti ba ce da ke zuwa daga waje ta zauna bisa ƙarfe. Ƙarfen ne da kanshi ya juya ya zama jan gari. Kafin haka ta faru sai abu uku sun gamu: ƙarfe, iska, da ruwa. In ka raba ɗaya daga cikinsu da sauran, tsatsa ba ta tashi. Iska ba mu iya hana ta. Saura ruwa. Duk dabarun da za ku karanta a nan, dabaru ne na raba ruwa da ƙarfe.

Akwai na huɗu, wanda ba dole ba ne amma shi ke hura wuta: gishiri, da duk abin da ya yi kama da shi. Ga gwaji da za ku iya yi a ajinku na yaƙi da jahilci. Ku samu ƙusa uku sabbi. Ta farko ku sa ta cikin gwangwani busasshe ku rufe. Ta biyu ku naɗe ta a tsumma mai laima. Ta uku ku naɗe ta a tsumman da anka jiƙa da ruwan gishiri. Bayan mako ɗaya ku buɗe. Ta farko tana nan fes. Ta biyu ta fara ja. Ta uku kuwa ta riga ta ɓata tsumman.

Wani abu kuma: tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga cikinshi girma, tana kumbura kamar ƙullu. Shi ya sa notin da ya yi tsatsa yake cijewa, don wurin ya yi masu kaɗan. Kuma ba ta da tauri. Tana shan ruwa ta riƙe kamar soso, ruwan nan ya ci gaba da cin ƙarfen da ke ƙarƙashi. Ɗigon tsatsa ɗaya in an bar shi, rami yake zama.

Ruwan da ba a gani

Wani zai ce: "Malam, ni kayana cikin ɗaki suke, ruwan sama ba ya taɓa su, amma duk da haka sun yi tsatsa." Gaskiyarka. Iska da kanta tana ɗauke da ruwa. Ka sayi ruwan leda mai sanyi a kasuwar Cadawa cikin watan Agusta, ka riƙe shi kaɗan, za ka ga jikin ledar yana gumi. Ledar ba ta huje ba. Ruwan cikin iska ne ya gamu da sanyi ya sauka. Haka raɓa take sauka bisa ganye da asuba.

Iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa. In zafi ya kai digiri 30, iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi, tana iya ɗaukar giram 30 na ruwa. A digiri 20, giram 17 kawai take iyawa. Mu yi lissafi da ɗaki mai mita 4 da mita 4, tsayinshi mita 3. A tsakiyar damana, lokacin da iska ta ƙoshi da danshi har kashi 80 cikin 100, iskar ɗakin nan kaɗai tana riƙe da ruwan da ya wuce lita ɗaya. In dare ya yi ta huce ta sauko digiri 22, ba ta iya riƙe shi duka, sai ta sauke abin da ya kai kofin shayi uku ko huɗu. Ina yake sauka? Bisa abin da ya riga sauran yin sanyi, wato kwanon rufi da ƙarfe. Wanda ke da ɗakin kwano ya san ɗigon nan na asuba da ke faɗowa ko ba a yi ruwa ba.

Masana sun auna, sun ga in danshin iska bai kai kashi 60 cikin 100 ba, tsatsa tafiyar hawainiya take yi. In ya wuce nan, sai ta ɗaga ƙafa.

Yadda mutanen ƙasashen sanyi ke yi

A Kanada, da arewacin Amurka, da Jamus, da gabashin Faransa, lokacin ɗari shi ne lokacin tsatsa. Dusar ƙanƙara takan rufe hanyoyi, sai hukuma ta barbaɗa gishiri bisa kwalta don ƙanƙarar ta narke, motoci su daina santsi. Mota ta kwashi ruwan gishirin nan a ƙarƙashinta. Da maraice mai ita ya shigar da ita gareji ya rufe ƙofa. Ƙanƙarar da ta manne ta narke, ɗakin ya cika da danshi, ga gishiri, ga ɗumi. Abu huɗun nan sun gamu ke nan a wuri ɗaya. Motar da ke kwana a irin wannan ɗaki tana iya riga wadda ke kwana waje cikin sanyi ruɓewa.

Don haka waɗansu suke sa wani inji a garejin, mai tsotse danshin iska. Girmanshi bai wuce ƙaramin akwati ba. Aikinshi irin na ledar ruwan sanyin nan ne. Fanka tana jawo iskar ɗaki ta bi da ita ta kan bututu mai sanyi irin na firigo. Ruwan cikin iskar ya sauka bisa bututun, ya ɗiga cikin bokiti, iska ta fita a bushe. Wanda ya taɓa ganin ruwa na ɗiga daga injin sanyaya ofis a Maraɗi, to ya ga irin aikin. Na gida yana iya tara lita 10 zuwa 20 a yini in akwai zafi da danshi sosai. Akan saita shi ya riƙe danshin ɗaki wajen kashi 50.

Amma injin nan yana da sharuɗɗa. Sai da wutar lantarki dare da rana. Sai ɗaki a rufe ruf, in ba haka ba iskar gari duka yake ƙoƙarin busarwa. In ɗaki ya yi sanyi ƙwarai, ƙanƙara takan daskare bisa bututun aiki ya ragu. Kuma ba ya cire gishirin da ya manne, sai an wanke ƙarƙashin motar da ruwa tukuna. Ban kawo maku labarinshi don ku saye shi ba. A garin da babu wuta, ko inda take zuwa tana ɗaukewa, kuma ɗakin ajiya na laka ne mai ƙofar kara, kuɗin banza ne. Na kawo shi ne don ku ga hankalin da ke ciki: a wanke gishiri, a busar da iska.

Mu kuwa muna da injin da ba a biya. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana busar da komi, har danshin iska yakan sauko ƙasa da kashi 20 da rana. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, amma ƙarfe ya huta. Lokacin tsatsarmu shi ne daga Yuni zuwa Oktoba, mafi tsanani Yuli, Agusta da Satumba. Mazauna bakin Gulbin Maraɗi, wajen Tibiri da Gidan Rumji, da na kwarin Gulbin Kaba, su raɓa takan daɗe a wurinsu fiye da na tudu.

Ku lura da wannan da kyau. Kayan aikin damana, kamar galma da hauya, suna hutawa ne da rani, lokacin da iska ke taimakonsu. Kayan aikin rani kuwa, injin ban ruwa, butar ban ruwa, rariyar tankaɗen aya, injin sussuka, su da damana suke kwance a ɗaki, daidai lokacin da iska ta fi ruwa. Su ne sunka fi shiga haɗari, kuma su ne aka fi mantawa da su, don hankalin kowa yana gona.

Gishirinmu shi ne takin zamani

Ba a zuba gishiri bisa hanyar Maraɗi zuwa Tasawa. Amma muna da abin da ke yin aikinshi, kuma da hannunmu muke kai shi kusa da ƙarfe. Takin zamani ne. Ure, farin takin nan mai kama da ƙwan kifi, yana fara shan ruwan iska da zarar danshi ya wuce wajen kashi 72 cikin 100, abin da ke faruwa kusan kowane dare cikin Agusta. Shi ya sa buhun da anka buɗe yake jiƙewa ya dunƙule, har ya yi ruwa a ƙasa. Takin 15-15-15 shi ma haka, kuma a cikinshi akwai wani sinadari ɗan uwan gishirin miya. Ruwan da ke tsatsowa daga buhun taki ya fi ruwan sama cin ƙarfe nesa ba kusa ba.

Masu noman aya na Agye, Cadawa, Gazawa da Gangara, ku ne kunka fi kowa sayen taki, don haka maganar nan taku ce. Sau nawa ake jibge buhun taki bisa amalanke a kai gona, a dawo a bar garin da ya zube a cikin kusurwoyi? Sau nawa ake ɗibar taki da kwanon ƙarfe a aje shi haka nan? Sau nawa ake jingina babur jikin buhunan a zaure? Doka ɗaya ce: taki da ƙarfe ba su kwana ɗaki ɗaya. In ɗakin ɗaya ne gare ka, taki ya hau katako a kusurwa guda, a ɗaure bakin ledar ciki tam, ƙarfe kuma ya koma can nesa, a rataye. Duk abin da ya taɓa taki a wanke shi da ruwa ran nan, a shanya a rana.

Kanwa da gishirin dabbobi su ma haka suke. Fitsarin shanu da kashinsu ma haka. Amalanken da ya yi bazara yana jigilar takin gida zuwa gona, in ba a kankare shi ba kafin ruwan fari, ragowar takin tana jiƙewa ta zauna kamar ƙunshi bisa ƙarfe. Kada kuma a girke amalanke a turke inda shanu ke kwana.

Ɗakin ajiya

Ƙasa tana tsotso ruwa daga ƙasa ta kawo sama, bangon laka ma haka yake yi da damana. Don haka ƙarfe ba ya zama a ƙasa, ba ya jingina da bango. Inji ya hau katako ko duwatsu, kamar taƙi ɗaya ko fiye daga ƙasa. Ƙananan kaya a rataye su da igiya ko ƙugiya. Rataya tana da riba biyu, don gara ma ba ta samun ƙota.

Iska kuma sai an san lokacin ba ta hanya. Da tsakar rana, daga azahar zuwa la'asar, in rana ta fito, iskar waje ta fi bushewa: a buɗe ƙofa da taga. Da dare, da asuba, da lokacin hadari, a rufe. Da yawa suna yin akasin haka, su rufe da rana don sun tafi gona, su buɗe da dare don shan iska. Yaro ko tsohuwar da ke gida suna iya riƙe wannan aiki.

Ga wani kuskure da ya yawaita. Mutum ya sayi sabon inji, don ƙaunarshi sai ya lulluɓe shi da leda ko tampol har ƙasa, ya danne da duwatsu. Da rana danshin ƙasa ya tashi ya shiga ƙarƙashin ledar, ya rasa mafita. Da dare ya sauka bisa injin. Kullum haka, wata huɗu. Gara rumfar kara mai tudu, wadda iska ke ratsawa, da irin wannan lulluɓi. In dole sai ka rufa, rufa sama kawai, ka bar gefe a buɗe, ko ka rufa da buhun garara ko tsohon zane, masu numfashi.

Inda dabarar Turawa ke yi mana aiki ita ce a ƙaramin wuri. Ba mu iya busar da iskar ɗaki, amma muna iya busar da iskar gwangwani. Buji, noti, rulma, bakin abin feshi, makullan inji, a goge su da mai a sa cikin gwangwanin madara ko bokitin roba mai murfi. Kun san ƴan ƙunshin nan masu ƙwayoyi kamar gishiri da ake samu cikin kwalin takalmi ko na waya ko kwalbar magani? Aikinsu shan danshi ne. Kada ku jefar. Ku ɗumama su bisa murfin tukunya mai zafi kaɗan don su sake bushewa, ku jefa cikin gwangwanin ku rufe. Ba abin ci ba ne, a nisanta su da yara. Busasshen gawayi ma yana ɗan taimakawa a gwangwani, amma a ɗaki buhu guda ma ba ya yin komi. Masu cewa a aje kwanon gishiri a ɗaki ya sha danshi, ban goyi bayansu ba. Zai sha, amma sai ya zama ruwan gishiri, ka kawo kura cikin garke ke nan.

Mai, giris da fenti

Inda ba a iya busar da iska, sai a sa ma ƙarfe riga. Rigar ita ce mai, ko giris, ko fenti.

Galma da hauya, ranar da anka gama aiki da su ba ranar ajiya ba ce, ranar wanki ce. Ƙasar da ta manne tana riƙe laima, kuma a ƙarshen damana raɓa ba ta ɗauke ba tukuna. A kankare, a wanke, a shanya yini guda, sannan a shafa mai. Baƙin man da ake zubarwa in an yi ma inji bidanji ya isa, kuma masu gyaran babur suna da shi. Kowane noti a kwance shi, a ɗiga mashi mai, a mayar. Minti kaɗan ne a Oktoba, amma shi ne bambancin noti mai juyawa da hannu da wanda sai an sare shi da kurfi a Yuli.

Sai dai baƙin mai guba ne. Ba a shafa shi ga wuƙa, ko faranti na injin niƙa, ko rariya, ko wani abin da ke taɓa abinci. Waɗannan man gujiya za a shafa masu, kaɗan, a goge. Ba a zubar da shi kusa da rijiya ko cikin garka, kuma a wanke hannu da sabulu bayan aiki.

Amalanke: a duba ƙarƙashi, inda anka yi walda, nan tsatsa ke farawa. In ruwa yana kwanciya a cikinshi, a girke shi a karkace don ya zube. Rulma tana son sabon giris kafin damana da bayanta. A wanke tsohon da gazuwal tukuna, don giris da ya haɗu da rairayi niƙa ƙarfe yake yi. In fenti ya kwarzane, a kankare wurin har farin ƙarfe ya fito, a shafa jan fentin nan na ƙasa da masu kanti ke ce ma antiruy, ya bushe, sannan a sa na sama. Fenti bisa tsatsa ɓarnar kuɗi ne, tana ci gaba da aikinta a ɓoye har ya ɓamɓare. Lokacin fenti kuwa shi ne rani, da safe kafin ƙura ta tashi.

Injin ban ruwa na son a daɗe a kanshi, don shi ya fi tsada cikin kayan mai garka. In aikin rani ya ƙare, akwai ɗan noti a ƙasan famfon: a kwance shi, ruwan ciki ya tsiyaye duka, a bar shi a buɗe yini guda. Ruwan da anka bari ciki yana sa abin da ke juyawa ya cije. A sake man inji tun yana da ɗumi, don tsohon mai yana da tsami mai cin ƙarfe. A rufe makunnin esansi, a bar injin ya yi ta aiki har ya mutu da kanshi, don kada ragowar esansi ta daskare a karbirato. Tankin ƙarfe kuma kada a bar shi rabi. Iskar da ke cikin wurin da babu mai tana sauke raɓa a ciki, tankin ya yi tsatsa daga ciki, garin tsatsar ya bi ya toshe karbirato. Ko a cika shi a rufe da kyau a aje nesa da wuta, ko a juye shi sarai a zagaya ɗan man inji a ciki. Daga nan a cire buji, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na sabon mai a ramin, a ja igiya a hankali sau uku ko huɗu, a mayar da buji. Kowane wata a leƙa a ja igiyar kaɗan.

Abin feshi a ɗauraye shi sau uku, nesa da rijiya. In mai batir ne a cire batiran, don in sun fashe a ciki ruwansu yana cinye ƙarfen da suke taɓawa. Babur kuma, in ya ratsa taɓo, a wanke ƙarƙashi a shafa ma sarƙa mai. Tafiya ta mintuna kaɗan bayan wanki tana busar da shi fiye da tsumma.

Masu aje wake a gangar ƙarfe, tano, ku saurara. Abin da ke kashe ƙwarin wake a ganga shi ne rashin iska, kamar yadda buhun PICS mai riɓi uku yake yi, wanda masu binciken INRAN na Maraɗi sunka yi aiki a kanshi. Ramin tsatsa ɗaya, ko da kamar na allura ne, ya isa ƙwari su samu numfashi. Kafin ka zuba wake, ka kai gangar rana, ka leƙa ciki ta baki ka rufe gefen idonka da hannu. In ka ga ɗigon haske, sai an like. Gindinta kuma kada ya taɓa ƙasa.

In tsatsa ta riga ta kama

In ba ta yi zurfi ba, rairayi da tsumma mai mai, ko burushin waya, sun isa. Ƙananan abubuwa a jiƙa su kwana ɗaya cikin ruwan tsamiya mai kauri ko ruwan lemun tsami. Tsamin yana narkar da tsatsa. Amma da safe a goge, a ɗauraye sosai, a shanya nan take, a shafa mai, in ba haka ba kafin maraice ta dawo. Notin da ya cije kada a ci ƙarfinshi. A ɗiga mashi gazuwal ko kananzir, a ɗan ƙwanƙwasa, a bar shi ya kwana, gobe a sake. In ya ƙi, maƙeri zai gasa shi ya kwance. Wanda ya matsa da ƙarfi ya karya, ya mai da aikin dala biyar ya zama na jika.

Af, tunda muna maganar tsohon ƙarfe. In ya yanke ka, a wanke ciwon da ruwa da sabulu, a tafi gidan likita a nemi allurar tetanos, ciwon nan mai sandare haƙora da wuya. Ba tsatsar ce ke kawo shi ba, ƙwayar cutar tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, amma tsohon ƙarfen da ke yashe a turke shi ke buɗe mata ƙofa.

Gishirin Turai ma yana isowa nan

Da yawa cikin tsoffin motocin da sunka shigo ƙasarmu ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano, sun yi shekaru bisa hanyoyin nan da ake barbaɗa ma gishiri, sannan sun sha iskar teku, wadda ita ma gishiri gare ta. In ƙungiyarku ta manoma ta tara kuɗi za ta sayi motar ɗaukar kaya, ko ɗanka ya dawo daga ci-rani yana son saye, kada ƙyallin fenti ya ruɗe ku. Ku tafi da makaniken da kunka yarda da shi, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Ya kwanta ƙarƙashi da tocila. Ya ƙwanƙwasa manyan ƙarafan da ke ɗauke da motar da ƙaramar guduma: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa murya a dushe, har gari ya zubo. Ya duba bututun birki, da inda ƙafafu ke haɗuwa da jiki, da ƙasan ƙofofi. Ku ɗaga shimfiɗar ƙasa ta wurin direba ku gani. In kun tarar an shafe ƙarƙashin duka da sabon baƙin fenti mai kauri, ku sa makaniken ya kankare wuri biyu ko uku da bakin sukudireba kafin a fara maganar kuɗi.